Ƙararrawa da Ƙungiya: Tarihin Rayuwar Ibada a Makarantun Sakandaren Katolika na Arewacin Nijeriya

Rayuwar ibada a makarantun sakandaren da Cocin Katolika ta kafa a Arewacin Nijeriya, daga shekarun 1940 zuwa farkon shekarun 1970, ta ginu ne a kan abubuwa biyu waɗanda asalinsu ya bambanta, kuma makomarsu ma ta bambanta. Na farko shi ne jadawalin yini, wanda hukumar makaranta ta tsara, ƙararrawa kuma take tsarewa, ta yadda ɗalibi ba ya farkawa, ba ya cin abinci, ba ya shiga aji, ba ya kwanciya sai da addu'ar da aka ƙayyade wa wannan lokaci. Na biyu shi ne ƙungiyoyin ɗalibai, waɗanda shigarsu ganin dama ce, shugabanninsu kuma daga cikin yaran ake zaɓar su. A idon limaman Turawa da suka kafa makarantun, jadawalin shi ne ginshiƙi, ƙungiyoyin kuwa ƙari ne. Amma da zamani ya juya, gwamnati ta karɓe makarantu, Turawan suka koma gida, sai ya bayyana cewa abin da aka ɗauka ƙari shi ne ya fi jure wa sauyi.

Kafin a fahimci yadda hakan ta faru, wajibi ne a san dalilin da ya sa waɗannan makarantu suka makara wajen zuwa Arewa, da kuma irin wuraren da suka sauka. Bayan Turawan mulkin mallaka sun ci Kano da Sakkwato a 1903, Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin cewa ba za a taɓa musu addininsu ba, kuma a aikace wannan alkawari ya zama takunkumi ga 'yan mishan, domin an hana su yin wa'azi ko buɗe makaranta a cikin biranen masarautu sai da izini, iznin kuwa ba kasafai ake bayar da shi ba. Saboda haka, sa'ad da limamai uku na Ƙungiyar Mishan ta Afirka, wadda aka fi sani da SMA, wadda kuma aka kafa a birnin Liyon na Faransa a 1856, suka iso Shendam a watan Fabrairun 1907 a ƙarƙashin jagorancin Fada Oswald Waller, sun zaɓi ƙasar Goemai ce, inda addinin gargajiya yake da ƙarfi kuma ikon sarakunan Musulunci bai kai ba. Ƙofa ta biyu layin dogo ne ya buɗe ta, wanda ya isa Kano a 1911, ya kwaso akawuna da ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa daga Kudu, da yawansu 'yan Katolika, suka zauna a unguwannin Sabon Gari na Kano da Zariya, da kuma sababbin garuruwa irin su Kaduna da Jos da Kafanchan da Minna. Daga waɗannan tushe biyu, wato ƙabilun tsakiyar ƙasa da baƙin Sabon Gari, makarantun Katolika suka sami kusan dukkan ɗalibansu na farko.

Akwai kuma dalili na aƙida da ya sa Cocin ta nace sai ta mallaki makarantunta na kanta. Dokar Cocin ta 1917 ta hana iyaye 'yan Katolika sa 'ya'yansu a makarantun da ba na Katolika ba sai da yardar bishop, sannan a ranar 31 ga Disamba 1929 Paparoma Pius na 11 ya fitar da wata doguwar wasiƙa a kan tarbiyyar matasa, inda ya bayyana cewa ware wani lokaci don darasin addini bai isa ya mai da makaranta ta Katolika ba, sai idan malamai da littattafai da tsarin makarantar gaba ɗaya ruhin addinin ne yake tafiyar da su. Wannan ra'ayi shi ne ya haifi makarantar kwana irin wadda ake magana a kanta a nan, domin ba yadda za a yi a mallaki dukkan yinin yaro matuƙar yana komawa gida da la'asar. Da aka raba yankin mishan na Arewa gida biyu a 1934, Kaduna da Jos, kuma aikin ya koma hannun reshen SMA na ƙasar Ayalan, sai aka sami ma'aikata masu jin Ingilishi waɗanda gwamnati ta yarda da takardun shaidarsu na koyarwa. Da dokar ilimi ta 1948 ta faɗaɗa tallafin kuɗi ga makarantun mishan, sai abin da ya rage na cikas ya kau.

A cikin kimanin shekara ashirin aka kafa yawancin makarantun da suka yi suna. A Kaduna, limaman SMA suka buɗe Kwalejin St. John ta maza, su kuma sistocin ƙungiyar OLA, wato mata masu alwashin hidimar addini da rashin aure, suka riƙe Kwalejin Queen of Apostles ta 'yan mata a Kakuri. Sistocin St. Louis, waɗanda suka taso daga Monaghan ta Ayalan suka sauka a Kano a 1948, sun kafa makarantar 'yan mata a Bompai, daga baya suka ƙara wata a Jos. A Filato aka sami Kwalejin St. Joseph ta Vom da Kwalejin St. Murumba ta Jos, wadda aka sa wa sunan ɗaya daga cikin shahidan Yuganda da aka kashe a zamanin Sarki Mwanga tsakanin 1885 da 1887. A ƙasar Tibi limaman Ruhu Mai Tsarki suka gina Mount St. Michael a Aliade da Mount St. Gabriel a Makurdi, a Adamawa kuwa limaman ƙungiyar Augustine suka kafa Villanova a Numan. Ban da waɗannan akwai kwalejojin horon malamai, irin su St. Enda ta Basawa kusa da Zariya da Mary Immaculate ta Kafanchan, waɗanda tsarin ibadarsu bai bambanta da na sakandaren ba. Yanayin ɗaliban farko yana bayyana a misalin Chukwuma Kaduna Nzeogwu, ɗan asalin Okpanam da aka haifa a Kaduna, wanda ya yi karatu a St. John a farkon shekarun 1950.

Irin Katolikancin da waɗannan malamai suka zo da shi yana da launi na musamman, wanda ya samo asali daga gyaran da aka yi wa Cocin Ayalan a tsakiyar ƙarni na 19 a ƙarƙashin Kadinal Paul Cullen, gyaran da ya ɗora nauyi a kan halartar ibada a kai a kai, da yawan furta zunubi, da girmama Budurwa Maryamu, da biyayya ga limami ba tare da gardama ba. Fadan da ya zama shugaban makaranta a Vom ko Kaduna shi kansa a irin wannan makarantar kwana ya tashi a Kok ko Dablin, saboda haka abin da ya sani shi ya dasa, har da wasannin motsa jiki da bulala.

Yini yana farawa tun kafin gari ya waye, lokacin da ƙararrawa, wadda a makarantu da dama guntun ƙarfen dogo ne ko bakin ƙarfen tayar mota da aka rataye a bishiya, take tayar da ɗakunan kwana. Bayan addu'ar miƙa yini ga Allah, ɗalibai sukan yi layi zuwa ɗakin sujada domin Mas, wato babbar ibadar Katolika wadda a cikinta limami yake keɓe gurasa da ruwan inabi, waɗanda bisa imanin Cocin suke zama jiki da jinin Almasihu. Sanya Mas da sassafe yana da dalili na doka, domin a wancan zamani duk mai niyyar karɓar gurasar nan mai tsarki wajibi ne ya kame baki daga ci da sha tun tsakar dare, kuma sai a 1953 Paparoma Pius na 12 ya halatta shan ruwa, a 1957 ya rage kamun zuwa awa uku, kafin Paparoma Paul na 6 ya mai da shi awa ɗaya a 1964. Ke nan tsarin da ya sa yaro ɗan shekara goma sha uku yake durƙusawa a kan siminti cikin sanyin hunturun Filato da cikinsa wayam, dokar azumi ce ta tsara shi, ba son wahalar da yara ba, ko da yake ba za a rasa shugabannin da suka ɗauki wahalar kanta a matsayin tarbiyya ba.

Da harshen Latin ake yin Mas ɗin, limami yana fuskantar bagade, ya juya wa jama'a baya, kuma waɗanda suke amsa masa a madadin kowa su ne yara masu hidimar bagade, waɗanda suke haddace amsoshin tun kafin su san ma'anarsu. Wannan hidima matsayi ce babba a tsakanin ɗalibai, domin mai yin ta yakan sa doguwar riga, ya riƙe kyandir ko kaskon turare, ya kuma kusanci Fada fiye da sauran yara, kuma daga cikin irin waɗannan ake fara lura da wanda zai iya zama limami. Ranar Lahadi da manyan bukukuwa mawaƙan makaranta sukan rera Mas ɗin da salon waƙar Giregori, wadda ba ta da kiɗa sai murya ɗaya da kowa yake bi. Abin lura a nan shi ne Latin darasi ne a aji, ana kuma rubuta jarrabawarsa, saboda haka ɗalibin sakandare, saɓanin iyayensa da ke ƙauye, a hankali yakan fara gane abin da ake faɗa a bagade. Wannan ya ba 'yan makaranta wani fifiko a cikin ikilisiya wanda ya daɗe bai gushe ba.

Sauran yinin ma a yanke yake da addu'o'i. Da ƙarfe goma sha biyun rana da ƙarfe shidan yamma, kamar yadda ake yi da shidan safe, ana kaɗa ƙararrawar Anjelus, wato addu'ar tunawa da busharar da Mala'ika Jibrilu ya kawo wa Maryamu, kuma duk inda ƙararrawar ta sami mutum, ko a filin ƙwallo ko a gonar makaranta, nan zai tsaya cik har a gama. Da maraice akan ja rozari, wato carbin Katolika mai ƙwaya hamsin da aka kasa gida biyar, kowane gida ana tunani a kan wani al'amari na rayuwar Yesu da mahaifiyarsa. Asabar da yamma ranar furta zunubi ce a gaban limami, Lahadi da yamma kuwa akan yi ibadar sa albarka da gurasa mai tsarki, da turare da waƙoƙin Latin. Juma'a ba a cin nama, dokar da ba ta yi wa kowa nauyi ba a makarantun da nama dama baƙo ne a tukunya. Bayan addu'ar dare akan shiga shiru har wayewar gari, al'adar da aka aro kai tsaye daga gidajen sufayen Kirista. Musulmin da ya saba da yadda salloli biyar suke raba yini ba zai ga baƙon abu a wannan tsari ba, kuma wannan kamanni yana cikin abin da ya sa wasu iyaye Musulmi suka natsu da tarbiyyar makarantun.

Shekara ita ma tana da nata zagaye. Larabar Toka, ranar da ake shafa wa kowa toka a goshi don tunawa da mutuwa, ita take buɗe kwana arba'in na azumi da tuba kafin Ista, waɗanda a Arewa suke faɗawa cikin zafin bazara, kuma kowace Juma'a a cikinsu akan bi Hanyar Gicciye, wato tashoshi goma sha huɗu na wahalar Almasihu. Watan Mayu na Maryamu ne, ana yi wa siffarta ado da furanni a kogon dutsen da kusan kowace makaranta ta gina a harabarta, Oktoba kuwa watan rozari ne, kuma ranar farkonsa, wadda ta dace da ranar 'yancin kai, Cocin Nijeriya ta keɓe ta ga Maryamu a matsayin sarauniyar ƙasar. Jerin gwanon gurasa mai tsarki, wanda a Turai ake yi a Mayu ko Yuni, a Nijeriya an ɗage shi zuwa bikin Almasihu Sarki a ƙarshen shekara, saboda damina ba ta barin a yi shi a kan kari. Ranar 17 ga Maris ta Waliyyi Patrick ce, waliyyin Ayalan wanda Nijeriya ma ta ɗauka a matsayin majiɓincinta, kuma kowace makaranta tana da ranar waliyyin da take ɗauke da sunansa, ranar da ake dafa shinkafa da nama. Sau ɗaya a shekara akan dakatar da darussa na 'yan kwanaki domin keɓewar ibada, inda baƙon limami yake wa'azi, ɗalibai kuma suke kame baki daga hira.

A cikin aji, koyar da addini ya rabu biyu, kuma rabuwar tana da muhimmanci. Akwai katikizim, wato koyarwar Cocin da aka tsara cikin tambaya da amsa, wadda ake haddacewa kalma bayan kalma, Fada ko Sista ne kuma yake koyar da ita. Akwai kuma ilimin Littafi Mai Tsarki, darasin da ake rubuta jarrabawarsa a ƙarƙashin hukumar jarrabawa ta Afirka ta Yamma da aka kafa a 1952, wanda manhajarsa ɗaya ce ga ɗan Katolika da ɗan Angilika da ɗan cocin mishan ta SIM. Sakamakon haka, ɗalibin Katolika ya karanta Linjila da Ayyukan Manzanni aya bayan aya a zamanin da ba a saba ƙarfafa wa talakan Katolika yin hakan ba, kuma buƙatar cin jarrabawa ce ta jawo wannan, ba wani shiri na limamai ba.

Ƙungiyoyin ɗalibai su ne ɓangaren da masu rubuta tarihin mishan suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali a cikinsu ne yara suka fara gudanar da addini da hannunsu. Mafi shahara ita ce Rundunar Maryamu, wadda wani ma'aikacin gwamnati mai suna Frank Duff ya kafa a Dablin ranar 7 ga Satumba 1921, ta kuma shigo Nijeriya ta yankin Kalaba a farkon shekarun 1930. Tsarinta na soja ne, an aro sunayen rassanta daga rundunar Rumawan da, kuma kowane ƙaramin reshe yana da shugaba da mataimaki da magatakarda da ma'aji, yana zama sau ɗaya a mako a gaban siffar Maryamu da kyandir biyu, ana karanta rahoton zaman da ya gabata, sannan kowane ɗan ƙungiya ya miƙe ya ba da bayanin aikin da aka ba shi. Ayyukan sun haɗa da duba marasa lafiya, da koyar da katikizim ga yaran ƙauyukan da ke kewaye da makaranta, da ziyartar kutare da fursunoni, kuma bibbiyu ake tura su. Yarinyar da ta riƙe littafin rahoton reshe shekara biyu a Kakuri ko Bompai ta koyi jagorantar taro da ajiye lissafi da magana a gaban jama'a, abubuwan da babu su a manhaja, kuma ba abin mamaki ba ne cewa daga cikin irin waɗannan aka sami shugabannin Zumuntar Mata Katolika daga baya.

Ta biyu ita ce ƙungiyar matasan ɗalibai da ake kira YCS, wadda tushenta yake Beljiyam, a cikin hanyar da limami Joseph Cardijn ya ƙirƙiro wa matasan ma'aikata a shekarun 1920. Hanyar tana da mataki uku, wato a duba halin da ake ciki, a auna shi da ma'aunin Linjila, sannan a yi wani abu a kai. Bambancinta da Rundunar Maryamu shi ne ta fi karkata ga matsalolin zaman makaranta kansu, irin su cin zalin da manyan ɗalibai suke yi wa ƙanana, da satar amsa, da ƙabilanci a ɗakunan kwana, kuma saboda tana koya wa yaro yin tambaya, ba kowane shugaban makaranta ne ya sake da ita ba.

Batun ɗaliban da ba 'yan Katolika ba shi ne mafi sarƙaƙiya a wannan tarihi, kuma ba a yi masa adalci idan aka ba shi amsa guda. Tsarin mulkin 1960, bisa shawarar hukumar Willink ta 1958 a kan tsoron da ƙananan ƙabilu suke yi, ya tanadi cewa ba za a tilasta wa ɗalibi karɓar darasin addini ko halartar ibadar da ba ta addininsa ba, kuma wannan tanadi yana nan a sashe na 38 na tsarin mulkin 1999, tare da haƙƙin kowace ƙungiyar addini ta koyar da addininta a makarantar da ita kaɗai take ɗaukar nauyinta. A aikace, abin ya danganta da wuri da kuma halin shugaba. A Kano da Kaduna, inda manyan ma'aikata da attajirai Musulmi suka riƙa kai 'ya'yansu mata wurin sistoci saboda ingancin karatu da tsaron tarbiyya, kiyaye amanar iyaye shi ne sharaɗin ci gaba da zaman makarantar, kuma sauya addini a tsakanin waɗannan ɗalibai abu ne da ba kasafai yake faruwa ba. Inda makaranta ta zama ƙofar shiga Coci da gaske shi ne a tsakanin 'ya'yan masu addinin gargajiya na Kudancin Zariya da Filato da Binuwai da Adamawa, waɗanda da yawansu suka karɓi baftisma suna ɗalibai bayan dogon koyo. A nan ne kuma laifin tsarin ya fi fitowa, domin sau da yawa an koya wa yaro ƙyamar bukukuwa da waƙoƙin gidansu ba tare da an tsaya an rarrabe abin da ya saɓa wa imani da abin da al'ada ce kawai ba, an kuma hukunta shi a kan magana da harshen uwarsa a harabar makaranta.

Akwai wani nau'in sakandare da ya kai wannan tsari matuƙa, wato ƙaramar seminari, makarantar da ake tara yaran da ake sa ran za su zama limamai, irin su St. Joseph ta Zariya da St. John Vianney ta Barikin Ladi. Kaɗan ne daga cikin masu shiga suke kaiwa ga naɗi, sauran sukan zama malamai da lauyoyi da ma'aikata, amma waɗannan kaɗan su ne suka gaji Turawa. Bishop Matthew Hassan Kukah, alal misali, ta St. Joseph ta Zariya ya bi, ya wuce babbar seminarin St. Augustine ta Jos wadda aka buɗe a 1967, aka naɗa shi limami a 1976.

Cikin shekara goma, daga 1962 zuwa 1972, abubuwa uku suka taru suka rushe tsohon tsarin. Na farko daga Rum ya zo, wato Babban Taron Vatikan na Biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, wanda ya buɗe ƙofar yin Mas da harsunan jama'a, ya ƙarfafa sa hannun kowa a cikin ibada, ya kuma yi magana a kan Musulmi da girmamawa a cikin takardar da ya fitar ranar 28 ga Oktoba 1965. A makarantu, Ingilishi ya maye gurbin Latin, limami ya juyo ya fuskanci ɗalibai, ganga da tulu da kacau-kacau suka shiga ɗakin sujada, waƙoƙin Hausa kuma, waɗanda su ne suke haɗa Bajju da Birom da Ngas da Bachama a benci ɗaya, suka sami gurbi a gefen na Ingilishi. Na biyu shi ne rikicin 1966 da yaƙin basasa, wanda ya kwashe ɗalibai da malamai 'yan Gabas daga makarantun birane cikin 'yan makonni, ya bar guraben da 'yan asalin Arewa suka cike. Na uku shi ne karɓe makarantu, wanda Jihar Gabas ta Tsakiya ta fara a 1970 a ƙarƙashin Ukpabi Asika, Jihar Arewa ta Tsakiya kuma ta bi sahu a 1972 a zamanin gwamnan soja Abba Kyari. St. John ta koma Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta koma Kwalejin Sarauniya Amina, kamar yadda St. Paul ta Angilika a Wusasa ta koma Kwalejin Kufena. Ba ko'ina aka yi hakan ba, domin St. Louis ta Kano da manyan makarantun Filato sun ci gaba da zama a hannun Coci.

A makarantun da aka karɓe, jadawalin ibada ya faɗi nan take, tun da babu sauran wanda zai kaɗa ƙararrawar Anjelus, Mas kuma ya koma abin ranar Lahadi idan an sami limamin da zai zo daga ikilisiya mafi kusa. Abin da ya rage a tsaye shi ne ƙungiya. YCS, wadda a da ɗaya ce daga cikin ƙungiyoyi da yawa, ta zama ita ce gidan ɗalibin Katolika a makarantar gwamnati, ita take neman aji don yin addu'a, ita take shirya mawaƙa, ita take gayyato Fada, kuma tana yin hakan ne a gefen ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS, wadda aka kafa a Gindiri a 1957, da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS, wadda aka kafa a Legas a 1954. Wannan maƙwabtaka ta yi tasiri iri biyu. Ta wani ɓangare ɗaliban Katolika sun aro salon addu'a da wa'azin 'yan'uwansu na FCS, abin da ya share fage ga ƙungiyar sabuntawa ta Karismatik, wadda ta faro a Amurka a 1967 ta kuma bazu a Nijeriya a shekarun 1970. Ta ɗaya ɓangaren, rabuwar ɗalibai zuwa sansanonin addini ba tare da wata hukuma da kowa ya yarda da ita ba ta zama abin tsoro, kamar yadda rikicin da ya tashi daga Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a Maris 1987 ya nuna, sa'ad da ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina.

Tun daga shekarun 1980 dayosis-dayosis na Arewa, wato yankunan da bishop-bishop suke shugabanta, waɗanda a lokacin suka riga suka koma hannun 'yan ƙasa irin su Akbishop Peter Jatau na Kaduna da Bishop Gabriel Ganaka na Jos, suka shiga gina sababbin makarantu da kuɗin kansu, yayin da a Kudu wasu jihohi suka mayar da tsofaffin, kamar yadda Legas ta yi a 2001 da Anambra a 2011. A waɗannan sababbin makarantu an maido da yawancin tsohon jadawalin, an kuma ƙara masa abubuwan da zamani ya kawo, irin su addu'ar neman ceton Nijeriya daga ƙunci, wadda bishop-bishop suka tsara a zamanin mulkin Janar Abacha, da sababbin tunani biyar da Paparoma John Paul na 2 ya ƙara wa rozari a 2002. Sai dai makarantar da ba ta da tallafin gwamnati da kuɗin makaranta take rayuwa, saboda haka ɗan manomin da aka gina St. Joseph ta Vom dominsa a jiya, yau da ƙyar yake iya shiga irinta, kuma mafi yawan yaran Katolika na Arewa a makarantun gwamnati na jeka-ka-dawo suke karatu. Makarantar kwana ta karkara kuma, wadda ita ce mazaunin asali na wannan tsari, rashin tsaro ya sa ta a gaba, kamar yadda sace ɗaruruwan ɗalibai da malamai daga makarantar St. Mary ta Papiri a Jihar Neja a watan Nuwamban 2025 ya tabbatar. Dayosis ɗin da take kashe mafi yawan ƙarfinta a kan 'yan makarantun kwana masu tsada, ta bar rassan YCS na makarantun gwamnati ba limami ba littafi, ta sa dukiyarta ne a inda 'ya'yanta suka fi ƙaranci.